Ni Na Kira 'Yan Sanda a Muntazah

Wannan babin na fi ɗokin rubutawa tun ranar da na ɗauki alƙalami, don haka ku ukun nan ku nemi wuri ku zauna. Kun tashi kuna jin ana faɗa a gidan kakanninku na Tudun Wadar Zariya cewa uwarku ce ta sa aka ɗaure Baffa Sagir a Doha, aka koro shi gida da jaka ɗaya. Ke 'yar fari, da har yau bakina bai iya kiran sunanki ba sai dai Ummi, kin taɓa tare ni a kicin kina kuka, kika ce wata 'yar gwaggonku ta gaya miki haka, na ce ki bari sai kin girma. To ga shi kin girma har kina goyon na biyu. Abin da aka gaya muku akwai gaskiya a ciki. Ni na kira 'yan sanda, da wayata, da bakina. Sai dai an fara muku labarin daga ƙarshe ne, ni kuwa daga farko zan ɗauko shi, domin kafin shekarar nan ta jawo mini baƙin jini, ita ce shekarar da na fi jin daɗin rayuwata.

Babanku ya samu tallafin karatu ya zo Doha yin digiri na uku a kan tace ruwan teku, ni kuma na ajiye aikin koyarwa na biyo shi da ku. Muka kama gida a Muntazah, a bene, ƙasanmu mai shawarma ne da wani Ba'indiye mai aski, tsallaken titi kuma masallaci. Unguwa ce ta masu neman sauƙin haya, kowane yare na duniya sai ka ji shi a bakin kanti. Garin ya burge ni matuƙa, ga wuta ba a ɗaukewa, ga ruwa a famfo kullum, amma ban daɗe ba na gane cewa mace marar mota a Doha ɗaurarriya ce. A Zariya in fita ta kama ni sai in yafa mayafi in taka, ko in tare mai babur. A nan kuwa kafin ki kai bakin layi kin jiƙe sharkaf, numfashi ma da ƙyar. Babanku motar makaranta ke ɗaukarsa da safe, ba ya dawowa sai magariba. Gishiri in ya ƙare sai in jira shi. Kai Usman in ka yi zazzaɓi, sai in jira shi. Ni da na saba tsayuwa gaban allo ina ba da umarni, na koma mai leƙen titi ta taga.

Ana haka Sagir ya iso. Ƙanin babanku ne, autan kakarku Hajiya, saurayi dogo mai fara'a, wanda in ya shiga ɗaki sai kowa ya gyara zama don ya san dariya ta zo. Ya samu aiki a ofishin wani kamfanin gine-gine a Lusail, lokacin Lusail ba komai ba ce sai yashi da ƙarafa da dogayen injinan ɗaga kaya. Kwanansa a unguwar Bin Omran yake, ɗaki ɗaya da wasu samari 'yan Zangon Kumasi, amma cikinsa a gidanmu yake zaune. Tun daga matakala za ku ji shi yana tambayar abin da aka dafa, ku kuma ku kwasa da gudu ku rataye a wuyansa. Ku tuna wannan da kyau, don ba na so wani ya ce muku akwai ƙiyayya tsakanina da shi. Wasan ƙanin miji muke yi kamar ba gobe, kuma duk dangin babanku babu wanda ya fahimce ni kamarsa. Shi ya fara lura cewa zaman gida yana cin raina. Wata rana ya same ni a bakin taga, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce:

"Anti, ke da kika riƙe aji cike da yaran Tudun Wada, sitiyari ne zai gagare ki? Wallahi mota ta fi su jin magana."

Na ɗauka wasa ne, ashe har ya je ya karɓo bayanin makarantar koyon tuƙi. Babanku ya ce titunan garin nan ba na wasa ba ne, kuma me za a ce a gida. Sagir ya zauna masa a wuya, yau roƙo gobe zolaya, har ya gaji ya ce in je in gwada. Daren da zan fara ko abinci na kasa ci don murna, ina ta murɗa faranti a hannu kamar sitiyari, ku kuna bayana a kan kujera kuna yi mini hon da baki.

Wadda ta koya mini wata Basudaniya ce, Malama Ikhlas, ƙatuwar mace mai dariya har da hawaye. Kalmominta biyu ne, yalla in tana so in tafi, khalas, wato ya isa, in ta ga na kusa kashe mu. A lokacin Doha cike take da shataletale, kuma shiga shataletale a garin nan sai mai ƙarfin zuciya. Manyan jif-jif farare za su taho a guje ta bayanki suna ƙyafta miki fitila, ke kuma kin rasa wanda za ki taka tsakanin birki da totur, Malama Ikhlas tana dukan cinyarta tana cewa yalla, ya Rabi'atu, yalla. Gwajin farko na faɗi a hawan tudu, motar ta dinga silalowa da baya ina salati. Na biyu na manta ban kunna sigina ba, ɗan sandan da ke gefena ya rufe takardarsa kawai. Duk ranar da na faɗi sai Sagir ya zo da askirim ya ce ya zo ta'aziyya, ya zauna ya sa in ba shi labari, ya kwaikwayi yadda na riƙe sitiyari har ni kaina in fashe da dariya. Bai taɓa barina na karaya ba.

Akwai abu ɗaya da Malama Ikhlas ta gaya mini ba da dariya ba. Mun wuce wata mota da ta naɗe a jikin turken fitila, sai ta sa na faka a gefe, ta juyo ta fuskance ni.

"Ki saurare ni. A ƙasar nan babu zancen kaɗan na sha. Ko kurɓi ɗaya na barasa aka samu a jikin mutum yana tuƙi, khalas. Akwai ɗauri, akwai tara, a karɓe lasisi, inshora ta janye hannunta, baƙo kuma ana iya sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu."

Na yi dariya na ce ta dube ni da kyau, ni da barasa ina muka haɗu. Ta ce kowace ɗaliba haka take cewa, amma kowace ɗaliba tana da miji ko ƙane ko maƙwabci mai aron mota.

Ranar da na ci gwaji kuwa, ku tambayi duk wanda yake filin nan. Ɗan sandan ya ce mabruk, wato barka, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, irin ta bikin Zazzau, har wasu mata 'yan Filifin suka taso suna tafa mini ba su san dalili ba. Sagir na fara kira kafin babanku, ya yi ta ihu a ofis har aka leƙo a ga ko lafiya. Ba da jimawa ba muka sayi wata 'yar ƙaramar mota fara a hannun wani malami Bamisire da zai koma gida, aka yi takardunta da sunana. Sunana, Rabi'atu, a jikin takardar mota. Na dinga fito da ita daga jaka ina karantawa. Daga nan Doha ta buɗe mini. In kwashe ku bayan la'asar mu bi bakin teku gilashi a sauke, in je kasuwar kifi da sassafe in yi ciniki da hannu da ido, in kai matan ɗalibai 'yan ƙasarmu awo asibiti. Safiyar Juma'a, lokacin da tituna suke fayau, Sagir yakan zauna a gefena mu miƙe hanyar Lusail don in saba da babban titi, yana nuna mini ramukan da ya ce wata rana za su zama otal-otal. Ban taɓa jin na mallaki kaina kamar a watannin nan ba. Ko sallah na idar sai in ƙara da godiya a kan motar nan.

Ƙofar da ke kallon tamu ta Anti Memuna ce, 'yar Zangon Kumasi, mai dafa abinci a wata makaranta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinta, abin ya daɗe yana ba ni dariya. Ɗan 'yar'uwarta yana cikin samarin da suke ɗaki ɗaya da Sagir. Wata rana muna tsince shinkafa ta rage murya ta ce:

"Rabi, ƙanin mijinka yana sha. Yaran sun gani, ba sau ɗaya ba. Ka lura da motarka."

Sai abubuwa suka fara dawo mini: yawan taunar cingam, turaren da yake zubawa kamar wanka, jan ido ranar Asabar. A garin akwai manyan otal da aka ba izinin sayar wa baƙi barasa, abokan aikinsa kuma Turawa da wasu sukan taru a can cin abincin rana duk Juma'a. Ya fara binsu don kada a ce ba ya shiga mutane, har abin ya kama shi. Na gaya wa babanku, ya rufe ƙofa da shi suka daɗe. Sagir ya fito ido jawur, ya rantse ya daina, ya ce shaiɗan ne da kaɗaici. Na yarda da shi, amma na karɓe makullin motar na biyu da yake riƙewa, na miƙa wa babanku ya ajiye. Sagir bai ji daɗi ba. Babanku ma ya ce na cika tsanani, mutum ya tuba ai sai a ba shi fuska.

Sai babban abin farin ciki ya zo, babanku ya kammala karatunsa, aka tabbatar masa da digirinsa. Muka sa walima ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ku zo ku ga gidan nan. Tun asuba nake suyar waina, miyar taushe tana tafasa, ga dambun nama da aka aiko mana daga gida, Anti Memuna ta shigo da tukunyar shinkafa da wake irin na Zango da baƙin yajinta mai sa mutum kuka yana ƙari. Ɗalibai 'yan Kano da Sakkwato da Maiduguri suka cika falo har matakala, mata suna ɗakinmu da na Anti Memuna, babanku ya sha babbar riga sai murmushi yake. Ina cikin kai da kawo na leƙa taga, na ga gurbin motata babu komai. Babanku ya ce shi ya ba Sagir makulli tun da safe ya je ya karɓo gasasshen ragon da muka sa a yi mana, ya kuma roƙe ni kada in ɓata ranar da ƙorafi. Na haɗiye maganata na koma kan waina. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a, rago bai zo ba. Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara.

Muryar Sagir ce, amma a shaƙe, kalmomin suna hawa kan juna. Ya ce in zo layin da ke bayan masallaci yanzu, ni kaɗai, kada in gaya wa Yaya. Na zari mayafi. Anti Memuna ta ga fuskata, ba ta tambaye ni komai ba ta biyo ni.

Layin siriri ne, kantuna duk a rufe saboda Juma'a, babu kowa. Motata ta hau dakalin gefen titi a karkace, fitilarta ɗaya a fashe, babur a ƙarƙashin gabanta. Akwatin da masu kai saƙon abinci suke ɗaurawa a baya ya buɗe, shinkafa ta watse a kwalta. Can gefe wani saurayi yana kwance da hular kwano a kansa, ƙafarsa ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, jini yana bin wandonsa. Sagir yana tsaye yana kai da komo. Kafin ya iso inda nake warin ya riga shi isowa, turaren da cingam ɗin duk ba su rufe shi ba. Ashe da ya karɓi ragon sai ya biya otal wurin abokansa, wai zai gaishe su kawai. Na tambaye shi ko ya kira motar asibiti. Ya ce a'a, ni yake jira.

"Anti, ki shiga ki zauna a kujerar direba. Motarki ce, sunanki ne a takarda. Ke sabuwar direba ce, za su ce kuskure ne, inshora ta biya, magana ta mutu. Ni in suka gwada ni na gama yawo. Ki dubi Allah, ki tuna Hajiya."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da ƙafata ta ɗaga ta nufi motar. Wannan fa Sagir ne, wanda ya fitar da ni daga bakin taga, wanda kuke rataya a wuyansa. Lasisin da ke cikin jakata ma ai shi ne sila. A raina na ce wataƙila ranar da zan rama alheri ce ta zo. Ina cikin wannan sai saurayin nan na ƙasa ya yi nishi, ya kira wani suna da yarensu, ya sake kira. Ban san yaren ba, amma duk uwa ta san sautin yaro in yana kiran uwarsa. Sai na ga abin yadda yake: ɗan mutane yana zubar da jini a kan kwalta mai zafi tun ɗazu, an hana shi taimako ana jiran in zo in yi ƙarya. Na ciro wayata. Sagir ya riƙe mini hannu yana cewa in ɗan jira mu daidaita magana. Anti Memuna, da tuni ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wa yaron cinya, ta miƙe ta shiga tsakaninmu ta ce ya sake ni. Ya sake ni. Na kira lambar gaggawa, na haɗa Turancina da ɗan Larabcin da na tsinta, na faɗi sunan layin, na ce akwai mai rauni.

Motar asibiti da ta 'yan sanda kusan tare suka iso. Aka ɗauki yaron. Wani matashin ɗan sanda mai ladabi ya karɓi takardun motar, ya karanta sunana, ya dube ni, ya tambaya wa yake tuƙi. Sagir ya zuba mini ido, irin kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Na ce:

"Motata ce. Ba ni na tuƙo ta ba."

Aka miƙa wa Sagir wata 'yar na'ura aka ce ya hura. Ya hura. Ɗan sandan ya duba, ya nuna wa abokinsa, suka buɗe masa ƙofar baya. Bai waiwayo ba. Daga baya wasu suka ce tsoron kyamarorin titi ne ya hana ni rufa masa asiri. Wallahi ko tunawa da kyamara ban yi ba a lokacin. Motata ma aka ja ta zuwa wurin 'yan sanda, da ragon walimar a but ɗinta, babu wanda ya ɗanɗana shi.

Na koma gida na tarar ana ta raha, na ja babanku gefe na gaya masa. Da babbar rigarsa ya fita zuwa ofishin 'yan sanda, baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da tulin kwanuka. Duk abin da Malama Ikhlas ta lissafa mini a gefen titi sai da ya faru, babu wanda aka tsallake. Kotu ta yanke wa Sagir ɗauri da tara, aka karɓe lasisinsa, aka ɗora masa biyan raunin yaron tunda inshora ta zame, kamfanin da yake kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya sallame shi, aka ce in ya gama zaman gidan yari a mayar da shi gida. Makonni babanku yana cin abincina yana cewa an gode kamar baƙo. Bai zarge ni ba, bai kuma ce na kyauta ba. Sai wata safiya yana ɗaura agogo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ya ba da makullin, kuma da ni ce na zauna a kujerar nan da ba zai ƙara iya kallon fuskarku ba. Daga ranar muka dawo daidai.

Sagir ya ƙi yarda in ziyarce shi. Saƙo ɗaya ya aiko ta bakin babanku: don Allah kada Hajiya ta ji zancen barasa. Kakarku tana fama da hawan jini, kuma Sagir ne hasken idonta, shi take nunawa in ana zancen yaron kirki. Don haka abin da ya isa Tudun Wada shi ne, tsautsayi ya faɗa wa Sagir da motar Rabi, ita kuma maimakon ta taimaka sai ta kira masa 'yan sanda. Babanku ya ɗauki waya zai warware maganar, na riƙe hannunsa. Na ce a bar tsohuwa da ɗanta, ni zan iya ɗauka. A lokacin na zaci abin na wata 'yan watanni ne. Ashe na shekaru ne. Hajiya ta sa mini suna 'Yar Sanda, da shi ake kirana a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. In mun je hutu in durƙusa in gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon bango. In aika da abinci ya dawo ba a buɗe ba. Gwaggonku Hauwa, babbar yayar babanku, takan tashi daga tabarma in na zauna. Sagir kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma daga nesa. Na yi kuka a ɗaki ba sau ɗaya ba, kuma na rasa abokin dariyata, wannan ya fi komai ciwo.

Amma kada ku ɗauka shekarar a baƙin ciki ta ƙare. Da aka sako motata aka gyara, tafiyar farko da na yi asibiti ce, wurin yaron nan. Sunansa Suresh, ɗan Nepal, yana da mata da jaririyar da bai taɓa gani ba sai a hoto. An sa masa ƙarfe a ƙafa, likita ya ce da an ƙara jinkiri da jinin da ya zubar ya tafi da shi. Ni da Anti Memuna muka mayar da shi ɗanmu, muna kai masa farfesun kaza, yana ci yana hawaye saboda yaji yana miƙo kwano. Ranar da ya taka da sanda daga gadonsa har ƙarshen baranda, ina gefensa ina ta yalla, yalla kamar Malama Ikhlas, ma'aikatan jinya suna dariya. Na fito na shiga mota na yi ta hamdala har gida. Bayan haka matan ɗalibanmu suka fara zuwa in raka su makarantar tuƙi, in zaunar da su in bi musu dokokin titi ɗaya bayan ɗaya, bel da sigina da danja da waya a hannu, in rufe da zancen aron makulli. Kafin mu bar Doha, in aka yi suna ko walima sai ki ga motoci jere a ƙofar gida, duk mata ne suka tuƙo kansu. In na tsaya ina kallonsu sai in ji kamar in yi rawa.

Bara Allah ya yi wa Hajiya rasuwa, kun sani, kuna wurin jana'iza amma kun koma kafin addu'ar bakwai, shi ya sa ba ku ga abin da zan faɗa ba. Ranar bakwai tsakar gida cike da mata, ina can gefe kusa da randa inda na saba zama. Sai ga Sagir ya yi sallama a ƙofar shigowa, da furfura a gemunsa, babban ɗansa yana bayansa. Ya ce yana roƙon a saurare shi, kuma yaron ya tsaya ya ji. Mata suka juyo gare shi.

"Abin da ya faru a Doha, giya na sha na hau mota na buge ɗan mutane. Na bar shi a ƙasa ina roƙon Anti Rabi ta ce ita ce. Ta ƙi, ta kira aka cece shi. Ni na roƙa a ɓoye wa Hajiya, ita kuma ta ɗauki zagin duk shekarun nan ba ta taɓa tona ni ba. Tun daga gidan yarin nan ban ƙara sha ba. Anti, ki yafe mini."

Ni da na yafe tun tuni, sai kai na dinga gyaɗa masa hawaye suna zuba. Wasu suka fara salati, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kuwa abin da ke raina shi ne, Hajiya ta tafi tana alfahari da autanta, kuma hakan bai ba ni haushi ba ko kaɗan. Gwaggo Hauwa ta ɗago ta dube ni. Can ta muskuta, ta janye ƙafafunta, ta share gefen tabarmarta da tafin hannu.

"Rabi, taso daga bakin randar nan," in ji ta. "Akwai wuri a nan."